Itacen Tik da Itacen Oak: Wanne Ne Zai Yi a Ƙasarmu?

A taron ƙungiyar manoma da muka yi bayan girbi, wani dattijo ya ta da magana. Ya ce wani mutum ya zo ƙauyensu da dashen tik cike da mota, ya gaya musu in sun dasa eka biyar, cikin shekara goma kowa zai yi rufin kwano ya sayi babur. Wani kuma ya ce ai ya ji katakon oak yana da tsada ƙwarai, me ya hana a nemo irinsa? Ƙungiyar nan tana da 'yan kuɗi a asusu, fili kuwa ɗaya tak gare ta. Tun da abin ya shafi kuɗin jama'a da ƙasar abinci, ya kamata mu san itatuwan nan biyu kafin a sa hannu.

Bari mu fara da oak, gama maganarsa ba ta da tsawo a gare mu. Da yawanmu mun ga sunansa a Littafi Mai Tsarki, a labarin Absalom, amma ba mu taɓa zama a inuwarsa ba. Oak dangi ne babba, iri wajen 500, a Turai da Asiya da Amurka da bakin Afirka ta Arewa. Masu katako sun raba na Amurka kashi biyu, fari da ja. Ƙananan ƙofofin da ke cikin farin a toshe suke, ruwa ba ya bi, shi ya sa ake yin ganga da jirgin ruwa da shi. Na jan a buɗe suke, sai dai kujera da daɓen ɗaki. Akwai wani irin a Fotugal da Sifen da Maroko wanda ɓawonsa ake so. Da shi ake murfin kwalba, ana ɓare shi sau ɗaya a shekara tara, itacen kuwa ba ya mutuwa. A dā Turawa da ɓawon oak suke jima, kamar yadda majemanmu suke yi da bagaruwa.

Katakonsa mai nauyi ne, mai ƙarko. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda aka sa a ruwa a 1765, ya ci itatuwa wajen 6,000, yawancinsu oak. Amma oak na katako yana son sanyin hunturu irin nasu, kuma yakan shekara ɗari ko fiye kafin a sare shi. 'Ya'yansa ma ba su jimre bushewa, in sun bushe sun mutu. Kada ƙungiya ta kashe ko kwabo a kansa.

Tik kuwa maganarsa dabam ce. Asalinsa Indiya da Bama da Tailan da Laos, ƙasashe masu damina da rani kamar namu. Danginsa iri uku ne kawai, ɗaya ne daga ciki ake dasawa domin katako. In kun ji ɗan kasuwa yana kiran loko "tik na Afirka", suna ne na ciniki, ba su haɗa dangi ba. An kawo tik Nijeriya tun zamanin Turawa, wanda ya bi ta Nimbiya a Kudancin Kaduna ya ga gandunsa, dogaye a miƙe da manyan ganyaye, tsirara da rani.

Me ya sa ake ribibinsa? Zuciyar itacen tana da wani maiƙo wanda gara ba ta so, ruwa kuma ba ya ruɓar da ita da sauri. Katakon ba ya yawan kumbura da damina, ba ya yawan tsagewa da hunturu. Ƙusa a jikin oak takan yi tsatsa ta baƙanta itacen, a jikin tik kuwa takan daɗe lafiya. Wani jirgi mai suna Trincomalee da aka gina da tik a Bombay a 1817 yana bisa ruwa a Ingila har yau. Abin da kafinta yake kuka da shi ɗaya ne: tik yana dakushe zarto da sauri.

Amma ku lura, zuciya na ce. Farin naman da ke tsakanin ɓawo da zuciya ba shi da wannan maiƙo, gara tana cinsa kamar kowane itace. Ƙaramin itace kuwa yawancinsa farin nama ne. Nan ne maganar mai mota ta karye. A shekara goma zuwa goma sha biyar za ku sami sandunan gini da turaku, wataƙila da na wayar lantarki in ƙasar mai kyau ce. Gungumen da za a tsaga katako sai shekara 25 zuwa sama, a Indiya ma sukan jira shekara 60 zuwa 80. Wanda ya dasa yana da shekara hamsin, 'ya'yansa ya dasa wa. Ba laifi ba ne, amma a faɗa a fili tun yau, a rubuta a littafin ƙungiya wanda zai gaji rabon kowa.

Sa'an nan ba ko'ina yake yi ba. Yana bukatar ruwan sama milimita 1,200 ko fiye a shekara, watau wajen inci 48, da rani na wata uku zuwa biyar. Kudancin Kaduna da Binuwai da Nasarawa sun isa. Kano da Katsina da Sakkwato ba su kai ba, gara su riƙe dogon yaro da maɗaci. Yana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya. A kan marmara yakan tsumbure, a fadama saiwarsa takan ruɓe.

Ba lalle ku sayi dashe ba. Irin yana da ƙwarya mai tauri. Karo na fari da muka gwada, mun shuka shi haka nan, muka yi wata biyu muna ban ruwa, abin da ya tsiro bai cika hannu ba. Daga baya muka koya: a jiƙa shi da dare, a shanya a rana da safe, a yi ta haka mako biyu, sa'an nan a shuka a kwali. In ya shekara, kaurinsa ya kai babban yatsa, a tumɓuke, a datse kara a bar inci ɗaya, a datse saiwa a bar inci shida zuwa takwas. Wannan guntun ake dasawa da zarar damina ta kankama, ƙafa takwas zuwa goma tsakani. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar ɗaruruwa a kwando.

Shekara biyu ko uku na fari kuna iya noma masara ko gyaɗa ko wake a tsakanin layuka, noman da kuke yi wa abinci shi ne noman itacen. Wannan dabara daga Bama ta fito, sunanta taungiya, an fara ta a Nijeriya a Sapoba a 1927. Bayan haka inuwa takan rufe, ba abin da zai ƙara yi a ƙarƙashi. A kan gangare ma manyan ganyayen sukan tara ruwa su zubo shi da ƙarfi a kan ƙasa tsirara, zaizaya ta biyo baya. Saboda haka shawarata ga ƙungiyar nan ita ce kada ta ba da filinta ɗaya gaba ɗaya. A ware eka ɗaya a gefe, ko a jera itacen a kan iyaka.

Aiki biyu ne sukan kā da mutane. Na fari wuta: busassun ganyaye sukan taru da rani, ƙananan itatuwa ba su jimre ta, sai a share hanyar wuta kewaye da gonar kafin Disamba kowace shekara. Na biyu ragewa. Wajen shekara ta biyar, in rassa sun haɗu, a sare karkatattu da raunana, kusan rabi, a sāke bayan shekara biyar. Manomi yakan ji tausayin itacen da ya dasa da hannunsa, amma in ba a rage ba dukansu za su tashi sirara. Kututturen yakan sāke toho, a bar ɗaya mai ƙarfi in ana son sanda. Kafin ku sare domin sayarwa, ku je wurin malamin daji na ƙaramar hukumarku ku tambayi ƙa'idar izini, ku tafi da littafin da ya nuna ranar da kuka dasa.