Tsuntsun Dutsen Kupe da manhajojin da ke sauraron daji

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa Merlin Bird ID ta faɗa masa sunan tsuntsun da ke kuka a kusa, zai ɗauka an gama da wannan fanni. To da sauran aiki. A kudu maso yammacin Kamaru, kan Dutsen Kupe mai tsayin mita 2,064, akwai wani tsuntsu mai cin ƙwari da ke nuna iyakar irin wannan fasaha.

Turawa na kiransa Mount Kupe bushshrike. Bayansa kore, maƙogwaronsa fari, baƙi ya ratsa idonsa sai ka ce ya sha kwalli. William Serle ne ya fara samo shi a 1949, daga baya aka daɗe ba a sake ganinsa ba har 1989. Daga baya an gan shi a tsaunukan Bakossi da kuma jihar Kuros Riba a Najeriya. IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, ga manoma na ta sare dajin suna hawa sama.

Dajin nan kullum a lulluɓe yake da hazo, kyamara ba ta tsinana komai, sai dai kunne. Shi ya sa masu bincike ke amfani da na'urori irin su AudioMoth, 'yar ƙarama mai batir AA uku da memori, a ɗaure ta a bishiya ta yi makonni tana naɗar sauti.

Matsalar tana wajen tantancewa. Manhajoji kamar Merlin da BirdNET suna mayar da sauti hoto ne, sannan ƙirƙirarriyar basira ta nemi zanen da ta saba gani. Sabon kuwa sai da misalai masu yawa. Tsuntsun da ya cika lambunan Amurka yana da dubban naɗe-naɗe, na Kupe kuwa mutum nawa suka taɓa kai masa makirfo? Wanda aka fi buƙatar a gano shi ne manhaja ta fi ƙarancin sani, kuma wannan ba laifin lissafi ba ne, rashin bayanai ne.

Nan masu waya ke da rawar takawa. Shafin xeno-canto na karɓar kukan tsuntsaye kyauta daga kowa, tare da wuri da kwanan wata. Amma kada ka kunna kukan a lasifika don ka janyo tsuntsun. Zai zaci abokin gaba ne ya shigo yankinsa, ya bar kiwo ko sheƙa ya taso neman faɗa.