Yadda sakaci da mai ke jefa ƙananan jiragen sama cikin hatsari

Idan ƙaramin jirgin sama ya faɗi, abin da jama'a kan fara zargi shi ne lalacewar inji ko rashin kyawun yanayi. Sai dai binciken masana ya sha nuna cewa a wasu lokutan injin lafiyarsa ƙalau, mai ne kawai ya daina isa gare shi.

Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Amurka, NTSB, ta bayyana cewa tsakanin 2011 da 2015 an riƙa samun haɗurra fiye da 50 a kowace shekara sakamakon rashin kula da mai. Matsalar iri biyu ce: ko dai man ya ƙare ƙaf, ko kuma yana nan a wani tanki amma matuƙi bai juya makunnin da zai kai shi ga inji ba.

Na biyun ne ya fi ban takaici. A ranar 12 ga Oktoban 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya rasu lokacin da ƙaramin jirginsa ya faɗa teku a gaɓar Kaliforniya. Ya tashi ba tare da ƙara mai ba, sannan makunnin sauya tanki yana bayan kafaɗarsa ta hagu. Masu bincike sun gano cewa garin juyawa don ya kai hannu gare shi ne jirgin ya ƙwace masa.

Najeriya ma ta ga irin wannan. A ranar 28 ga Agustan 2020, wani jirgi mai saukar ungulu da ya taso daga Fatakwal ya faɗi a unguwar Opebi da ke Legas, mutum uku da ke ciki suka rasu. Rahoton farko na hukumar bincike ya ce ba a tarar da mai a tankinsa ba.

Lissafin mai a sama ba na nisa ba ne, na lokaci ne, domin iskar da ke tunkarar jirgi kan tsawaita tafiya, ta cinye abin da aka tanada. Agogon mai na ƙananan jirage kuwa ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ake koya wa matuƙa su buɗe tanki su auna da kansu kafin tashi. Dokar Amurka ta wajabta wa mai tuƙi da gani da ido ya tashi da rarar man minti 30 da rana, minti 45 da dare, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi.