Ko Kun Sani? Tabon da Sanƙarau Ke Bari

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na Jihar Sakkwato suna cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin ƙura da zafi. A 2017 ma ya yi ɓarna a Sakkwato da Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka kamu da sanƙarau na bakteriya, ɗaya kan tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ya dace a gwada yaro kafin shiga firamare: a ba shi katakai ya jera, a faɗi kalmomi ya maimaita, a auna jinsa. Wani yaron da ake wa kallon daƙiƙi, muryar malam ce ba ta kai masa.