Farin Ƙuda: Zafi Ke Renonsa, Lambu Ke Ciyar da Shi

Duk mai noman rani a fadamun Gwagwalada, Kwali ko Abaji ya san farin ƙuda. Ka girgiza gindin tumatir, sai ka ga wasu 'yan mitsitsin ƙwari sun tashi fari fat kamar an karkaɗe buhun gari. Juya ganyen: a nan ƙasansa macen ke jera ƙwai, a nan 'ya'yan ke manne suna tsotson ruwan shuka, suna fitar da wani danƙo da baƙar fumfuna ke rufewa.

Wannan ƙwaro, wanda masana ke kira Bemisia tabaci, ba shi da ɗumin jiki na kansa, yanayi ne ke tafiyar da shi. In zafi ya kai digiri 28 zuwa 30, ƙwai kan zama babban ƙuda cikin mako uku ko ƙasa da haka. In ya sauka zuwa 15, sai ya haura wata biyu. Shi ya sa sanyin daren hunturu ke rage masa gudu, amma iska na lafawa a Fabrairu sai ya dawo da ƙarfinsa, mace guda tana iya zuba ƙwai fiye da ɗari. Zafin da ya wuce 35 kuma yana kashe ƙwai da 'ya'ya da yawa, kamar yadda ruwan sama mai ƙarfi ke kakkaɓe manyan.

Abinci ma da bambanci. A kan yalo, auduga da kuɓewa yakan yi saurin girma, tattasai kuwa bai cika karɓarsa ba. Binciken da aka wallafa a 1992 daga Kodebuwa ya nuna cewa na kan rogo jinsinsa daban ne da na kan kuɓewa. Na rogon shi ke yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare, wadda ta durƙusar da manoman Uganda a shekarun 1990, kuma saboda ita cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da iri masu juriya kamar TMS 30572. Ɗan'uwansa na kan kuɓewa shi ke kai wa tumatir cutar murɗewar ganye.

A ganina, laifinmu ya fi na rana. Mukan bar tsohuwar kuɓewa tsaye bayan an gama tsinka, mu yi renon tumatir a gefenta, ƙuda ya yi ƙaura ba tare da ya sha wahala ba. Sannan a ruga wa feshi. Manoman auduga na Gezira a Sudan sun gwada wannan a shekarun 1970: maganin ya kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuma ya saba da guba, ya zama annoba.

Saboda haka, malam manomi, dasa tumatirinka da wuri ya yi ƙarfi cikin sanyi, rufe renon da gidan sauro, tuge tsohuwar shuka ka ƙone, kuma ka duba ƙasan ganye kafin ka kashe kuɗinka a kan magani.