Suna Dabam, Tukunya Dabam

Bismillahi. Bayan haka, fataken da suka keta dajin Birnin Gwari zuwa Gwanja sun tarar da abincin da suka san sunansa. Har yau a Gana ana sayar da "tuwo zafi" da koko. Amma wanda ya ƙetare teku, sai hattara. A Masar akwai "lomar alƙali", ƙullin fulawa ne soyayye da ruwan sukari, talaka ma yana ci. A Turkiyya akwai "liman ya suma", yalo ne da albasa da man zaitun. A Amurka kuwa "kare mai zafi" babu kare ciki, amma sau da yawa akwai alade. Suna ba ya halattawa, ba ya haramtawa. Matambayi ba ya ɓata. Wallahu a'alamu.