Shirin Musamman: Minti 14 a Gaban Mai Jarrabawa

 Ina gaishe ku duk inda kuke, daga Bukuru zuwa Farin Gada, daga Tudun Wada zuwa Anguwan Rogo, da waɗanda ke bakin aiki a asibitoci suna jin mu ta wayar salula. Sannunku da aiki, sannunku da sanyi.

Shirin namu na yau na mutanen da jarrabawar Turanci ta tare wa hanya ne. A garin nan na Jos suna da yawa. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta gama karatu a Vom, tana aiki a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko a asibitin Jankwano, tana son zuwa Birtaniya aiki. Akwai matashin da ya gama Jami'ar Jos, ya samu gurbin digiri na biyu a Kanada ko Ostireliya. Akwai likita, akwai mai neman tallafin karatu. Dukkansu takarda ɗaya ake tambayarsu: shaidar cewa sun iya Turanci. Jarrabawar tana da ɓangare huɗu, sauraro da karatu da rubutu da magana. Mu a yau na ƙarshen muka ɗauka, domin shi ne wanda makarantunmu suka fi barin mu babu shiri a kansa.

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC a ƙasar nan ya san takarda ta uku ta Turanci. Gwajin lafazi ce, amma tambayoyi 60 ne a cikin minti 45, ka zaɓi amsa ka cike da fensir. Ɗalibi zai iya cinye ta tas bai buɗe baki ba. Da ido da hannu aka koya mana Turanci. To ranar da aka zaunar da mutum a ɗaki shi da wani baƙo, aka kunna na'urar naɗar murya aka ce bismillah, sai ka ga mai digiri yana kame-kame. Ba rashin ilimi ke damunsa ba. Harshen ne bai saba ba.

Jarrabawar da aka fi nema ita ce IELTS, wadda aka fara a 1989, kuma hukumomi uku ke da ita: British Council, da IDP ta Ostireliya, da Cambridge. Ɓangaren maganarta gajere ne ƙwarai, minti 11 zuwa 14. Da farko mai jarrabawa zai duba fasfonka, ya yi maka tambayoyi a kan rayuwarka ta yau da kullum, garinku, aikinka, abin da kake yi in ka samu hutu, na tsawon minti 4 zuwa 5. Sannan ya miƙa maka kati mai ɗauke da maudu'i, da fensir da takarda, ya ba ka minti 1 ka shirya, ka yi magana kai kaɗai har zuwa minti 2. Daga nan sai ku shiga tattaunawa mai zurfi a kan abin da ya shafi wannan maudu'in, ita ma minti 4 zuwa 5. Makin yana kaiwa har 9. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, NMC, maki 7 take nema a magana. Hukumar likitocinsu, GMC, tana neman 7 a kowane ɓangare da 7.5 a jimla. Akan sauya waɗannan ƙa'idoji lokaci-lokaci, don haka kowa ya duba shafin hukumar da yake nema kafin ya biya kuɗin rajista. Sakamakon kuwa shekara 2 yake aiki.

Ma'aikatan lafiya suna da wata ƙofar, wato OET. A can sai a ba ki matsayinki na nas, wani ya zama majinyaci ko ɗan'uwan majinyaci, ku yi zance sau biyu, kowanne kamar minti 5. A TOEFL ta Amurka kuma babu mutum a gabanka, makirfo za ka yi wa magana. Siffar ta bambanta, amma abin da ake nema ɗaya ne.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, bari mu zo kan babban tarkon da ke kama mutanenmu, wato hadda. Mu mutane ne masu ƙarfin hadda, da ita muka tashi, kuma ta yi mana rana a wurare da yawa. Shi ya sa da an ce jarrabawa, sai a nemo amsoshin da wani ya rubuta a intanet, a haddace su kalma-kalma. Ƙanina, ƙanwata, kada ku yi. An horar da masu jarrabawar nan su gane amsar da aka haddace. Murya takan canza, gudu ya ƙaru, ido ya kafe a sama ana lalubo layi na gaba. Da ya gane, sai ya sauya tambayar, kuma abin da ka karanto ba zai amfane ka ba. Abu huɗu yake aunawa, kowanne da nauyi daidai da ɗan'uwansa: yadda maganarka ke gudana tana haɗuwa, yalwar kalmominka, nahawunka, da lafazinka. Ba ya auna ko ra'ayinka daidai ne. Ba ya auna ko ka san tarihin Ingila. Idan ya tambaye ka ko ya kamata yara su riƙe waya, ko ka ce e ko ka ce a'a duk ɗaya ne a wurinsa, muddin ka kawo dalili, ka ba da misali, ka kai zancen ƙarshe.

Kuma kai ɗan Jos, me za ka rasa na faɗa? A ce katin ya ce ka siffanta wani wuri da kake so. Ga duwatsun Shere, ga dutsen Riyom, ga ruwan Assop da ke gangarowa, ga gidan tarihin Jos da aka buɗe tun 1952. A ce abinci aka tambaya. Ka bar abincin Turawa da ba ka taɓa ci ba, ka yi bayanin gwaten acca, yadda ake wanke ta a rege tsakuwa, irin ganyen da ake zubawa, da wanda ya fi iya yinsa a gidanku. A ce biki ne, ga hawan Sallah, ga Kirsimeti, ga Nzem Berom. Abin da mutum ya sani da gaske ba ya ƙare masa a baki cikin minti 2. Wanda ya ara shi ne yake tsayawa a tsakiyar hanya. A wancan minti 1 na shiri kuma kada ka tsaya rubuta jimloli, lokaci ba zai isa ba. Rubuta kalmomi biyar ko shida da za su tuna maka inda za ka bi.

Tarko na biyu ya fi wuyar faɗa, domin abu ne mai kyau a asalinsa. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa a gaban babba a sunkuyar da kai, a rage murya, a taƙaita amsa. Yaron da aka tambaya ya ce e ko a'a ya yi shiru, mukan ce yana da kunya, yana da ladabi, kuma gaskiya ne. Amma a wannan ɗakin, abin da bai fito daga bakinka ba, babu makin da za a ba shi. In an tambaye ki, 'yar'uwa, ko kina son aikinki, e kaɗai ba ta isa ba. Ki faɗi dalili, ki faɗi ranar da kika fi jin daɗinsa, ki faɗi abin da ke gajiyar da ke. Ɗaga kai da buɗe murya a nan ba fitsara ba ce. Shi ne aikin da kika biya kuɗi domin ki yi. Ina kira ga iyaye da mazaje da yayye ma: in kun ji ta a ɗaki tana magana ita kaɗai da Turanci, kada ku ce iyayi take ko ta fara girman kai. Shiri take yi. Ku taya ta, ku riƙe mata agogo.

Haka nan in ba ka ji tambaya sosai ba, ka roƙi a maimaita. An yarda da haka. A kashi na uku ma kana iya roƙon a sake faɗa maka da wasu kalmomin. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ke jawo asara shi ne ka amsa abin da ba a tambaye ka ba. In kuma mai jarrabawa ya katse ka, kada gabanka ya faɗi, lokaci yake kiyayewa.

Sai lafazi, inda mutane suka fi wahalar da kansu a banza. Ba a ce ka yi magana kamar ɗan Landan ba. Mai shaƙe murya yana kwaikwayon Turawan fim yakan ƙare ba a gane shi. Abin da ake so shi ne a fahimce ka ba tare da wahala ba, ko da kowa ya ji ya san daga Najeriya kake. Amma akwai wuraren da harshen Hausa ke ja mana baya, kuma gara mu san su. Mu da leɓɓa biyu muke furta f, shi ya sa p da f suke cakuɗe mana. A Turanci p sai an rufe leɓɓa an sake su da ƙarfi, f kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ga ma'aikaciyar jinya, bambancin pill da fill ba wasa ba ne. Haka b da v, kamar a boat da vote. Sannan Hausa ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, shi ya sa muka samu burodi da sukundireba. A Hausa daidai ne, amma a Turanci sai an cire wasalin da muke cusawa. Ga ƙarshen kalma da muke haɗiyewa, s ɗin jam'i da ed ɗin abin da ya wuce, waɗanda in suka ɓace sai a lissafa su a kuskuren nahawu. Masu jin Berom ko Ngas ko Izere su ma kowa da inda harshensa ke karkata. Wanda kuma ya saba da buroka a Terminus da cikin Keke, ya kula kada ta kutso masa in zance ya yi daɗi.

To ina maganin? Yana nan cikin garin nan. Tun zamanin haƙar kuza Jos ta tara ƙabilu daga ko'ina, kowa ya zo da harshensa. Dubi matar da ke kawo dankalin Turawa da kabeji kasuwar Farin Gada daga ƙauye. Hausar da take ciniki da ita, ba a aji ta koye ta ba. Ta faɗa ba daidai ba, an yi dariya, an gyara mata, ta sake faɗa, har bakinta ya faɗa. Turancin baka ma haka ake samunsa. Nemi abokin shiri ɗaya ko biyu, abokin aiki ko na makaranta, na coci ko na masallaci. Ku sa lokaci kullum, ko da minti 20 ne, wanda ba a Hausa ba a buroka. Ɗaya ya zama mai jarrabawa, ya riƙe agogo, ya yi tambaya babu sassauci, gobe ku sauya. Ku naɗi muryarku a waya ku saurara. Ranar farko ba za ka ji daɗin abin da za ka ji ba, amma a nan za ka kama kanka kana ta maimaita kalma ɗaya, kana dogon shiru, kana fara jimla ba ka ƙarasa ta. Ku saurari labarai da hirarraki na Turanci a rediyo, ku tsayar, ku maimaita yadda aka faɗa. Misalan tambayoyi da bayanin yadda ake ba da maki suna nan kyauta a shafukan masu jarrabawar. Darasin kuɗi yana da amfani in malamin yana sa ka magana yana gyara maka. In shi kaɗai yake magana kai kana rubutu, ka koma gidan jiya. Kuma a fara da wuri, watanni kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu ƙorafi, kuma ina ganin suna da hujja. Turanci ne harshen gwamnati da makaranta a Najeriya, amma jerin ƙasashen da Birtaniya ta ɗauke wa 'yan ƙasarsu wannan gwaji babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Kuɗin rajista yana da nauyi, ga takardar ta mutu bayan shekara 2. Ni kaina raina yana sosuwa duk lokacin da ƙwararriyar nas ta bar asibitinmu, domin majinyatanmu ne ke shan wahalar giɓin. Wannan magana ce da ya kamata hukumomi su ji, su gyara albashi da yanayin aiki. Amma wanda ya riga ya tara kuɗinsa da gumi ya yi rajista, haƙƙinsa ne a gaya masa yadda zai ci.

Saura gargaɗi. Za ku ga masu talla a WhatsApp da Facebook suna cewa za su samo muku takardar sakamako ba tare da zama jarrabawa ba, ko su ƙara muku maki. Damfara ce. Jami'o'i da hukumomi suna tantance sakamako kai tsaye daga wurin masu jarrabawar, kuma wanda aka kama da ta bogi ya yi asarar kuɗi da suna da biza gaba ɗaya.

Ranar gwajin magana tana iya zuwa daidai da ta sauran ɓangarorin, tana kuma iya bambanta da 'yan kwanaki, don haka a karanta saƙon da aka turo da kyau. Wanda cibiyarsa take Abuja, kada ya ce zai taso da asuba ya gangara Hawan Kibo ya bi Akwanga da Keffi ya isa a kan lokaci. Ya tafi tun ana gobe jarrabawa, ya kwana, ya huta. A riƙe fasfon da aka yi rajista da shi. A ci abinci, a sha ruwa, a yi addu'a. Da safen ranar a samu wanda za a yi hira da shi da Turanci ko na minti 10 ne, domin harshe ya warware kafin a shiga.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Ƙanina, ƙanwata, in kana da jarrabawar nan a gabanka, yau da daddare ka ɗauki wayarka, ka sa agogo minti 2, ka siffanta unguwarku da Turanci, ka saurari kanka, gobe ka nemi abokin shiri. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a tafi lafiya a dawo mana da abin alheri.