YADDA FARISAWA SUKA MALLAKI ƘASAR FIR'AUNA

Masar ta daɗe tana taƙama da Fir'aunoninta, amma a shekarar 525 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) sai Sarki Kambisis na Farisa, watau Iran ta yau, ya fatattaki rundunar Fir'auna Samtik na Uku a Felusiyam, ya ci birnin Mamfis.

Dariyus, wanda ya hau gadon Farisa a 522, ya gane takobi kaɗai ba ya riƙe ƙasa. Ya sa aka tattara dokokin Masarawa, ya kuma ƙarasa haƙa hanyar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya. Duk da haka haraji Farisa yake tafiya, saboda haka Masarawa suka yi ta bore har suka ƙwaci kansu a 404.

Farisawa suka komo a 343. Fir'auna Nektanebo na Biyu ya tsere kudu, shi ne kuwa ɗan ƙasa na ƙarshe da ya mulki Masar duka a zamanin dā. Da Iskandar na Makidoniya ya iso a 332, gwamnan Farisa ya miƙa wuya ba yaƙi, mutane suka yi ta murna. Ashe ubangida kawai suka sake.